Adakar Kakana da Gidan Tarihin Lozan

Shekara biyu bayan rasuwar kakana na wajen uwa, na je gaishe da kakata a ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano. Lokacin kaka ne, an gama yankan gero ana jiran dawa ta nuna. Bayan mun gaisa sai ta sa na jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gadonta, ta ce, "Maigida, tunda kai ne ka yi karatun tarihi, to ga tarihi nan. Kawunnanka sun ce a ƙone, ni kuwa hannuna ya kasa."

Na buɗe. A ciki akwai wani dogon zare mai kauri wanda ya yi baƙi saboda gumi da daɗewa, da walki, da kambu biyu, da hoton wani ƙaƙƙarfan saurayi ya dunƙule hannu yana hararar mai ɗaukar hoto. Akwai kuma tsabar kuɗin sefa guda uku da kaset ɗaya na waƙoƙin Ɗan Anace. Dattijon da na taso na sani da carbi da buzu a ƙofar masallaci, ashe ya yi shekaru yana dambe, har ya ƙetare iyaka ya kara da maza a ƙasar Damagaram.

Na tambayi Iya sunayen waɗanda ya kara da su, da garuruwan da aka yi wasan, da shekarun. Ta tuna biyu ko uku, sauran ta ce sun bi shi kabari. Wannan amsa tata ce ta sa ni zama na rubuta wannan maƙala, domin ta tuna mini da wani gida da na karanta labarinsa a jami'a, wanda aka gina musamman don kada irin wannan mantuwa ta auku.

Gidan da aka gina wa 'yan wasa

A birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, a bakin tafkin Janiba, akwai gidan adana kayan tarihin gasar Olamfik. An buɗe shi ranar 23 ga Yuni, 1993, a garin da hedikwatar Kwamitin Olamfik na Duniya take tun 1915. Mai ziyara yakan hau wata doguwar matakala daga bakin ruwa, wadda aka zana wa sunayen mutanen da suka kunna wutar buɗe gasa a shekaru daban-daban. A ciki an jera sandunan ɗaukar wuta tun daga na 1936, da lambobin yabo, da riguna da takalman da zakaru suka yi wasa da su. Kowane abu da 'yar takarda a gefensa mai faɗin sunan mai shi da ƙasarsa da shekarar da ya yi bajinta.

In aka cire waɗannan takardu, abin da zai rage tsofaffin takalma ne da riguna masu tabon gumi, waɗanda ba su fi zaren kakana daraja ba. Suna da shekara da wuri su ne suka mayar da su tarihi.

Ƙasashen da Hausawa suka fi yawa a cikinsu suna da nasu rabo a wannan tarihi. Nijeriya ta fara zuwa gasar a Helsinki a 1952, ta kuma sami lambarta ta farko a Tokiyo a 1964, lokacin da Nojim Maiyegun ya ci tagulla. Nijar ta sami tata ta farko a Munik a 1972 ta hannun Issaka Dabore, ita ma tagulla, sai bayan shekara 44 Abdulrazak Issoufou Alfaga ya ƙaro mata azurfa a wasan tekwando a 2016. Abin lura shi ne lambobin farko na ƙasashen biyu duk a wasan dambe aka same su. A Atlanta kuwa, a 1996, 'yan ƙwallon Nijeriya suka doke Barazil da ci 4 da 3, suka doke Ajantina da ci 3 da 2, suka ɗauki zinare, kuma a cikinsu akwai 'yan Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida. Duk wannan a rubuce yake, har da mintin da kowace ƙwallo ta shiga raga.

Abin da Girkawa suka yi

Gasar Olamfik ta zamani, wadda Pierre de Coubertin ya jagoranci farfaɗo da ita aka fara a Atens a 1896, ta ɗauko sunanta daga wata tsohuwar gasa ta Girkawa. Ana ƙirga farkon waccan daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk bayan shekara huɗu biranen Girka, waɗanda kowanne da mulkinsa kuma sau da yawa suna gaba da juna, sukan tura samarinsu wuri guda a gwada ƙarfi. An shigar da kokawa a 708, dambe kuma a 688. Ɗan damben Girka yakan naɗe hannunsa da tsirkiyar fata, ba a raba masu wasa bisa nauyin jiki, kuma mawaƙa irin su Pindar sukan yi wa wanda ya yi nasara waƙa a biya su. Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa a filin dambe zai ga kamar labarin garinsu ake ba shi.

Bambancin guda ɗaya ne. Wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Hippias ya zauna ya tattara sunayen waɗanda suka yi nasara a jere. Saboda wannan aiki da na waɗanda suka ɗora a kansa, yau mun san cewa Koroibos, wanda aka ce mai dafa abinci ne, shi ya ci tseren farko, kuma Onomastos ne ya fara cin gasar dambe. Mun san sunan ɗan damben da ya yi wasa shekara 2,700 da suka wuce a wata nahiya. To, me muka sani game da namu?

Damben Kano a 1824

A watan Janairu na 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature ɗan yawon bincike mai suna Hugh Clapperton, wanda yake tafiya da sunan Abdullahi, ya iso Kano kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A littafin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826, ya ba da labarin yadda ya ji sunan 'yan damben ƙasar Hausa ya yi nisa, har ya ba da wuri 2,000 don a yi wasa a ƙofar masaukinsa. Ya ce 'yan damben sun zo da makaɗa, mahautan gari suna biye da su. Ya kwatanta yadda kowane ɗan wasa ya fito fili ya yi kirari yana kamanta kansa da kura da zaki, da yadda aka naɗe hannun dama tun daga yatsu har gwiwar hannu, da yadda mutane suka bar harkokinsu suka cika wurin.

Wannan ya faru shekara 72 kafin gasar Atens, shekara 43 kafin a buga dokokin damben Ingila na 1867, kuma shekara 80 kafin a shigar da dambe cikin Olamfik ta zamani a 1904. Abin da baƙon ya gani wasa ne da ya riga ya kafu, mai makaɗa da kirari da masu sana'ar da suka riƙe shi. Wanda ya je gidan dambe a Kano yau zai tarar da yawancin waɗannan abubuwa ba su sauya ba. Sai dai Clapperton bai rubuta sunan ɗan dambe ko ɗaya ba. Ya ga taro, bai ga mutane ba. Tarihin Kano da malamanmu suka rubuta da Larabci, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, shi ma hankalinsa yana kan sarauta da yaƙi. Haka mazajen 1824 suka shiga littafi ba suna.

Kaka, lokacin wasa

Domin a fahimci yadda kakana ya kai Damagaram, sai an dubi ƙasar da ya fito. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma, har masana irin su Michael Mortimore suka yi shekaru suna nazarinta tun daga wajen 1960. A wajenmu gona ba ta ƙarewa sai inda wata ta fara. Ba a barin ƙasa ta huta, taki ne yake riƙe ta, kuma kowane gawo da ɗorawa da tsamiya da mai shi. Daga saukar damina zuwa girbi babu saurayin da ke da lokacin kansa.

Da an ɗaure damman gero an kai rumbu, sai ƙasa ta buɗe. Gonar da aka girbe ta zama fili, aljihun manomi ya ɗan yi nauyi, bukukuwan aure su kankama. A nan ne samarin mahauta, waɗanda dambe gadonsu ne, sukan ɗauki makaɗan kalangu su shiga gari gari. Inda suka sauka Sarkin Fawa ne mai masaukinsu. Da la'asar a share fili, a kewaye, a sa zare. Hannu ɗaya ake ɗaurewa, shi ne na duka, ɗayan kuma na kariya. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, in ba wanda ya faɗi a ce babu kisa a raba su. Manoma kuma nasu wasan kokawa ne, Fulanin da ke rugage suna da sharo, yara suna da langa a dandali da farin wata.

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, ta ƙetare a Kwangwalam ta nufi Matamaye da Damagaram, tsohuwar hanyar fatake ce. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma tsakanin 1906 da 1908 su da Faransawa suka kafa alamun iyakar da ta raba ƙasar Hausa biyu. Amma kalangu bai san da wannan iyaka ba. Ɗan damben Kano ya ci gaba da zuwa Magarya da Maraɗi, na can ma yana zuwa nan. Daga 1960, lokacin da Nijeriya da Nijar suka sami 'yancin kai, duk karawar da aka yi tsakanin ɗan Ɗambatta da ɗan Matamaye gasa ce tsakanin 'yan ƙasashe biyu, ko da yake babu tuta babu taken ƙasa. Tsabar sefa ukun nan da ke cikin adaka, Iya ta ce daga cikin karin da aka yi masa ne ran da ya yi kisa a can. Ya kashe sauran a hanya, ya ajiye waɗannan. Su ne lambar yabonsa.

Ba za a ce Bahaushe bai tanadi hanyar tunawa da mazajensa ba. Ya tanada, a bakin makaɗi. Da ba don Muhammadu Bawa Ɗan Anace ba, da ƙalilan ne za su san Shago a yau, balle karawarsa da Ɗandunawa. Su kansu sunayen 'yan dambe salsala ce: in ka ji Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, an faɗa maka ubangidan da ya koya masa. Rabuwar 'yan wasa zuwa ɓangaren Kudu da Arewa da Guramada ita ma tana ɗauke da labarin inda kowa ya fito. Sai dai makaɗi zakaran da ya yi fice yake wa waƙa, kuma waƙa ba ta faɗin shekara. Ga kowane Shago guda akwai ɗaruruwa irin kakana, waɗanda takensu ya mutu ran da makaɗin ƙauyensu ya mutu.

Darasi daga Nijar da Gidan Makama

Kada a ɗauka sai an je Turai za a ga yadda ake yi. A 1975 gwamnatin Nijar ta shirya gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan gasar take zagaya jihohi. Yanzu kowace daga cikin jihohi 8 takan kawo 'yan kokawa 10, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye, kasuwanni su yi tsit ranar wasan ƙarshe. Saboda an mayar da abin na hukuma, akwai jerin sarakunan kokawa shekara bi shekara, tun daga Kantu, a biyo ta kan Salma Ɗan Rani, har zuwa Issaka Issaka na Doso. Yaro a Maraɗi zai iya lissafo maka su. Da aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a 2005, kokawar gargajiya tana cikin wasannin da aka fafata. Kokawar da ake yi a Tawa ita ce ake yi a Kunci da Makoɗa. Can an rubuta, nan an bar wa ƙwaƙwalwa.

Da na dawo birni daga ƙauye, na shiga Gidan Makama da ke daura da Gidan Rumfa, ginin da ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Na sha shiga a da, amma wannan karon da adakar kakana a zuciyata na shiga. Na tsaya gaban sulke da lifidi da takubba da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Ga 'yan makaranta an kawo su, suna ta tambayar jagora yadda doki yake gudu da wannan nauyi. A nan na sami amsar da zan ba kawunnaina. Ba wanda ya ga takobi a Gidan Makama ya ce ana kiran mutane zuwa yaƙi. An ajiye shi ne don a san yadda aka yi aka zo yau.

Dalilin ɓacewa

Kawunnaina ba jahilai ba ne, kuma ba ƙin mahaifinsu suke yi ba. Dambe ya daɗe yana tafe da layu da guraye da surkulle, abubuwan da malamai suka yi hani da su, kuma shi kansa marigayin ya bar su tun kafin a haife ni, ya roƙi Allah gafara. Wasa ne kuma mai haɗari, wanda ya bar wasu da karyayyen muƙamuƙi, wasu da makanta. Ga kuma kallon ƙasƙanci da aka daɗe ana yi wa sana'ar fawa da kiɗa. Iyali da yawa sun gwammace a tuna da tsohonsu a matsayin mai unguwa ko ladan. Saboda haka in ya rasu sai a tattara kayan a cinna musu wuta, a ga an rufa masa asiri.

Akwai kuma matsin ƙasa. Gonar da kakana ya gada ita kaɗai, yau an raba ta gida bakwai. Filin da Iya ta nuna mini inda ake sa zare a da, yanzu rabinsa gidaje ne, rabi kuma an kewaye an dasa mangwaro. Samarin da a da suke yawon dambe da kaka, yanzu da an girbe sai su tafi cirani birni ko su koma noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas. Damben ya koma birane, a gidajen da ake biyan kuɗin shiga, ana ɗauka da waya ana watsawa duniya ta intanet. Wannan ci gaba ne, kuma zai adana na yanzu. Amma na jiya, wanda aka yi kafin waya, yana cikin kan tsofaffin da shekarunsu suka haura 70, kuma kowace shekara ana rage su.

Hatta wasannin zamani ba su tsira ba. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A 2009 ɗin ne kuma Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Rigunan waɗannan ranaku da tikitinsu da hotunansu suna warwatse a akwatunan mutane, suna jiran irin hukuncin da aka yanke wa adakar kakana.

Kammalawa

Idan aka ce gidan tarihin wasanni, hankali yakan tafi kan katafaren gini da kuɗin da babu su. Tarihin da na bibiya ya nuna aikin ba daga gini yake farawa ba. Hippias ya riga gidan Lozan da kusan shekara 2,400, kuma abin da ya yi jerin sunaye ne kawai. Wannan kuwa ba ya fi ƙarfinmu. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi suna neman batun bincike kowace shekara, kuma kusan kowannensu yana da waya mai ɗaukar murya. In kowane ɗaya ya zauna da tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa ko makaɗi guda a garinsu, ya rubuta sunansa da na ubangidansa da na abokan karawarsa da garuruwan da ya taka, ya ɗauki hoton kayansa, a ajiye kwafi a Gidan Ɗan Hausa inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take, cikin 'yan shekaru za a tara abin da zai cika ɗaki. Sarakunan fawa da dagatai sun san inda tsofaffin suke. In ya so daga baya a nemi ɗakin.

Ni dai na fara da abin da ke hannuna. Na roƙi kawunnaina, suka yarda a kan sharaɗi guda, cewa a cire kambun biyu, na kuwa amince, domin su ma suna da hakki a kan mahaifinsu. Na koma wajen Iya da littafi da alƙalami har sau uku. Ta tura ni wajen wani tsohon makaɗi a ƙauyen da ke gaba da namu, wanda idonsa ya tafi amma kansa garau. Da na faɗi sunan kakana sai ya yi shiru, can ya fara buga taken da yatsunsa a kan gwiwa. Ya ba ni sunayen mutum goma sha ɗaya da marigayin ya kara da su, huɗu daga ciki mutanen ƙetaren iyaka ne, ya kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa uku sun kashe shi. Na rubuta har da su. Da zan tafi ya ce, "Yaro, ka zo a makare, amma gara kai. Akwai wani abokinmu a wajen Kazaure, in kana so ka same shi, kada ka bari damina ta sauka."